Lissafin Wutar Lantarki a Zamfara: Kafin Kundi, a Fara Kawo Mita

A Talata Mafara da Bakura da Maradun, kamar sauran sassan da Kaduna Electric ke rarraba wa wuta, gidan da ba shi da mita yana biyan kuɗin kintace ne. Kamfani ne ke aunawa, shi ke rubutawa, shi kuma ke kawo takardar biya. A Fabrairun 2024, hukumar NERC ta ci tarar kamfanonin rarraba wuta 11 sama da naira biliyan 10 saboda cajin marasa mita fiye da ƙa'ida.

Wannan giɓin amana ne masu goyon bayan fasahar bulokcen ke cewa za ta cike. Bulokcen kundi ne na dijital da kwamfutoci da yawa ke riƙe da kwafinsa lokaci guda, kowane shafi a ɗaure da na bayansa, ta yadda ba a iya goge abin da aka shigar sai sauran sun gani. Idan mitar taransifoma da ta gida suna aika alƙaluma kai tsaye cikinsa, kamfani da hukuma da mai gida za su riƙa duba lissafi ɗaya. An gwada haka a unguwar Brooklyn ta Amurka a 2016, inda maƙwabta suka sayar wa juna wutar sola. Najeriya ma ta amince da manufar ƙasa kan fasahar a Mayun 2023.

Sai dai kundi ba ya aunawa, abin da aka ba shi yake ajiyewa. Inda babu mita, ko aka zagaye ta da waya, ƙarya za ta shiga ta zauna daram, har ma ta fi wuyar gyara. Ga kuma matsalar sadarwa: a Satumban 2021 an katse layukan waya a faɗin Zamfara saboda tsaro. Tsarin da ya dogara da intanet dole ya tanadi mafita ga irin wannan rana.

Mutanen yankin sun san illar barin lissafi a hannu ɗaya. Takaddama kan rabon gonaki da diyya bayan gina madatsar Bakolori ce ta kai ga kisan manoma a Afrilun 1980.

Dokar Lantarki ta 2023 ta ba jihohi damar tsara kasuwar wutarsu. Abin da ya kamata matasan Zamfara su nema daga gwamnati da Majalisar Dokoki a Gusau shi ne mita a kowace taransifoma, da wallafa awannin wutar da kowane layi ya samu duk wata. Bayan nan sai a yi batun bulokcen, da sharaɗin wakilan masu biyan kuɗi su riƙe kwafi.