Bidiyon da ya ƙi buɗuwa a Dakoro: gyaran yana hannun mai aikowa

Makonnin baya na je gida Dakoro, na tarar da gwaggona ranta a ɓace. Ɗanta da ke haƙar zinariya a arewacin Agadez ya aiko da kuɗin maganin mahaifinsa. Maimakon ya rubuto lambar karɓa, sai ya naɗi fuskar wayarsa yana nuna saƙon, ya turo ta WhatsApp, ya koma daji inda babu rezo. Kwana uku ana danna bidiyon a wayar gidan, baƙin allo kawai yake nunawa da ɗan rubutun Faransanci. Kafin in iso magana ta yi nisa, har wani ya ce yaron dabara ya yi, fanko ya turo don ya sayi lokaci.

"Kai da ka yi boko, duba mini," in ji ta. "In ƙarya yake yi mini, gara in sani."

"Gwaggo, ki kwantar da hankalinki, bari mu gani."

Na tura fayil ɗin zuwa wayata, ya buɗe nan take. Ga lamba, ga adadi, ga rana. Kuɗin na zaune a ofishin aike tun ranar farko, tsoho kuma yana kwance babu magani.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne shawarar da kowa ya bayar daga baya: a saya wa Gwaggo sabuwar waya. Ni ban yarda ba. Wayarta lafiyarta ƙalau, tana kira, tana karɓar saƙon murya, tana nuna hotunan jikoki. Mai babbar waya shi ke da zaɓin yadda zai naɗa da yadda zai aiko, don haka gyaran a hannunsa yake. Da ku nake, ƴan uwa na Abidjan, Kano, Tripoli da Paris.

Mu fara da abin da ke ruɗa mutane. Ganin MP4 a ƙarshen sunan fayil ba ya nufin kowace waya za ta buɗe shi. MP4 kamar ambulan ne, wasiƙar ciki kuwa tana iya zama da boko ko da ajami. In ka miƙa wa wanda ajami kaɗai ya iya wasiƙar boko, kyan ambulan ba zai taimake shi ba. Rubutun da kusan kowace waya ta iya shi ne H.264, wanda ya fito tun 2003. A 2013 aka fito da H.265, da ake kuma kira HEVC, mai matse bidiyo ya koma kusan rabin nauyinsa ba tare da ya dushe ba. Apple ya rungume shi a 2017, wasu manyan wayoyin Android suka bi sahu. Abu ne mai kyau ga mai sabuwar waya. Amma ƙananan wayoyin da suka cika kasuwannin Dakoro, Kornaka da Sabon Machi, da yawansu ko dai ba su iya karanta shi ba, ko su karanta yana tsinkewa, ko murya ta fito babu hoto.

Shi ya sa masu goge MOV ko MKV daga sunan fayil su rubuta MP4 suke wahalar banza. Ambulan suka sake wa suna, wasiƙar na nan yadda take.

Naɗar fuskar waya tana da nata ƙarin matsala. Tun Android 11 a 2020 abin naɗar ya zama cikin tsarin wayar kanta, kowa ya saba da shi. Sai dai yana ɗaukar allon ne da girmansa, kuma allon manyan wayoyin yanzu dogo ne, ɗigon hotonsa ya kai 1080 a faɗi, sama da 2000 a tsawo. Ƙaramar waya tana iya sanin rubutun sarai, amma kayan su fi ƙarfin jakinta. Wanda zai naɗa don mutanen gida ya shiga saitin abin naɗar ya rage zuwa 720 ko 480. Ana karanta lambobi ras a haka, kuma ba ya cinye megan mai karɓa, wanda watakila na dala ashirin ya sa.

Sai hanyar aikowa, kuma nan ne ɗan gwaggona ya yi tuntuɓe. In ka zaɓi bidiyo daga ma'ajiyar hotuna ka tura, WhatsApp yana sake matse shi zuwa yanayin da yawancin wayoyi ke buɗewa. In ka tura shi a matsayin takarda, yana tafiya yadda yake, ba a taɓa komai ba, kuma tun 2022 ana iya tura har giga 2 ta wannan hanya. Matasa sun koyi turawa a matsayin takarda don kada hoto ya dushe. To, Inna ba gasar kyan hoto take yi ba. Mu ƴan jarida ne muke roƙon a turo mana ta hanyar takarda, domin muna son asalin fayil mu tantance shi kafin mu buga. Ga mutanen gida kuwa, hanyar farko ita ce daidai.

Masu iPhone akwai wuri a saitin kyamara, ƙarƙashin Formats, inda za su zaɓi "Le plus compatible", bidiyon kyamararsu ya koma H.264. Masu naɗar darasi a kwamfuta da OBS, su sani fayil ɗin MKV da yake fitarwa ana juya shi zuwa MP4 a cikin manhajar kanta, ko a sa HandBrake, wadda kyauta ce.

Idan bidiyon ya riga ya iso ya ƙi buɗuwa fa? A fara gwada VLC. Ɗalibai ne suka faro ta a wata makarantar injiniyoyi a Paris, kyauta ce, babu talla, kuma tana zuwa da nata masu karatun, ba ta dogara da na wayar kaɗai ba. Ba ta yin sihiri a wayar da ba ta da ƙarfi, amma tana warware da yawa. Abin da ba na so shi ne abin da na ga ana yi: a ɗauki waya sukutum a kai wa masu turi a bakin tasha, a bar ta a can rabin yini. Yawancinsu mutanen kirki ne masu neman halak, amma cikin wannan bidiyon akwai lambar kuɗi, cikin wayar akwai hotunan iyali da saƙonnin mata da miji. Haka ma shafukan intanet masu cewa ka ɗora fayil su juya maka kyauta. Ka san hannun wa ya shiga?

Akwai kuma baƙin allon da babu ruwansa da nau'in fayil. Manhajojin banki da dama suna hana a naɗi fuskarsu da gangan, haka ma saƙon WhatsApp na gani sau ɗaya. Abin da aka naɗa baƙi ne tun asali, ko wace manhaja aka sa ba abin da zai fito. Haka in caji ya ƙare ko ma'ajiya ta cika ana tsakar naɗa, fayil ɗin MP4 yakan rasa bayanan da ake rubutawa a ƙarshe, ya ƙi buɗuwa har a wayar mai shi. Daƙiƙa goma na kallon abin da ka naɗa kafin ka tura sun isa su tona wannan.

Da ɗan gwaggon nawa ya fito rezo bayan mako guda, na kira shi. Ya ce shi bidiyo ya yi don kada a ce ƙarya yake. Na ce masa nan gaba ya ɗauki hoton allo guda ɗaya, ya bi shi da saƙon murya yana karanto lambar sau biyu a hankali, tunda Gwaggo ba ta karatun boko amma kunnenta garau yake. Ya yi dariya ya ce wannan ai aikin tsofaffi ne. A watan da ya biyo haka ya yi, kuma kafin azahar ƙaninsa ya dawo daga ofishin aike da kuɗin.