KOYAR DA MASU NUTSO AIKI DA NA'URAR MAYAR DA NUMFASHI

Wani malamin makaranta ya aiko yana tambaya, wai yaya mutum zai shiga ƙarƙashin teku ya yi sa'a uku, ba a ga ko kumfa ta taso ba? To, Malam, ga amsa, sa'an nan ga labarin yadda ake koyar da masu wannan aiki, gama a nan ne maganar take da nauyi.

Ku sani iskar da muke shaƙa, kashi 21 cikin 100 ne kaɗai oksijin, watau abin da ke riƙe da rai. Jiki kuwa ba ya ɗaukar fiye da rubu'insa a numfashi guda, sauran sai mu fitar tare da wata gurɓatacciyar iska, kabon dayoksaid. Kayan nutso da aka fi sani, waɗanda Cousteau da Gagnan suka ƙago a Faransa a 1943, zubar da numfashin suke yi cikin ruwa, shi ne kumfar da ake gani. Asara ce babba, domin a zurfin mita 30 mai nutso yana cin iskar tukunyarsa riɓi huɗu na abin da zai ci a tudu.

Ita kuwa na'urar mayar da numfashi ba ta zubar da kome. Numfashin yakan shiga wata jaka, ya ratsa ta cikin gwangwani cike da farar tsaba mai suna soda laim, wadda ke shanye gurɓatacciyar iskar, a ƙara masa oksijin kaɗan, ya komo bakin mai shi. Wani Bature na Ingila, Henry Fleuss, shi ya yi wadda ta fara aiki sosai a 1878. A 1880, bayan ruwa ya cika ramin jirgin ƙasa da ake haƙawa ƙarƙashin kogin Severn, sai wani mai nutso, Alexander Lambert, ya goya ta, ya bi ramin cikin duhu har ya rufe ƙofar ƙarfen da ke ciki. A Disamba 1941 kuma sojan Italiya suka shiga tashar jiragen ruwa ta Iskandariya da irinta, suka lalata manyan jiragen yaƙin Ingila biyu.

Na'urar iri uku ce. Ta fari oksijin zalla take ba mutum. Ba a wuce mita 6 da ita, gama oksijin zalla a zurfi guba ne, yakan sa mutum ya kama jijjiga kamar mai farfaɗiya, bututun ya suɓuce daga bakinsa. Likitan sojan ruwa na Ingila, Kenneth Donald, ya auna wannan a kan mutane a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Ta biyu tana zuba gauraren iska a hankali ba tsayawa, tana zubar da ɗan abin da ya yi yawa, don haka akan ga kumfa kaɗan. Ta uku rufaffiya ce ruf, tana da tukunya biyu, ɗaya ta oksijin, ɗaya ta iskar da ake sirka shi da ita. A cikinta akwai ma'aunai, galibi uku, masu nuna yawan oksijin a jakar. Wata kwamfuta ke ƙara mata oksijin, wata kuwa mai ita ne ke danna maɓalli da hannunsa.

To, ga dokar da ƙungiyoyin koyar da nutso, kamar TDI da IANTD, suke bi: takardar shaidar da aka ba mutum ta na'ura guda ce tak, wadda ya koya. In ya so ya sake wata, ko da irinsu ɗaya, sai ya koma gaban malami. Waɗansu suna gunaguni, suna cewa dabarar cin kuɗi ce kurum. Ni dai ban yarda ba. Wurin da maɓalli yake a wannan ba nan yake a waccan ba, yadda ake cika gwangwani ma ya bambanta. Ran da abu ya ɓaci cikin duhun ruwa, hannu ne zai tuna, ba kai ba, hannu kuwa inda ya saba nan zai nufa.

Malami yakan fara da ɗalibi a tudu. Zai harhaɗa na'urar yana bin takardar da aka jera abubuwan dubawa, yana sa alama ɗaya ɗaya, ko da ya haddace. Zai gwada ko jakar tana yoyo. Sa'an nan ya zauna ya toshe hanci, ya yi numfashi cikinta kamar minti biyar kafin ya taɓa ruwa. Daga nan sai ruwa marar zurfi. Can malami zai riƙa nuna masa alamar cewa abu kaza ya lalace, ya ga abin da zai yi. Babban darasi shi ne, in ka yi shakka, ka rufe bakin bututun, ka koma kan tukunyar ko-ta-kwana da ke rataye a gefenka, ka nufi sama a hankali. Matakin farko ba ya wuce mita 30 zuwa 40. Sai mutum ya tara sa'o'i masu yawa kafin a koya masa gauraya da iskar hiliyam, a bar shi ya kai mita 60, daga baya 100.

Dalilin wannan tsanani shi ne, kayan kumfa in sun lalace iska ce za ta yanke, nan take ka sani. Wannan kuwa jakar tana cika tana motsewa kamar lafiya lau, alhali abin da ke ciki ba ya riƙe rai. In oksijin ya yi kaɗan, mutum sai ya suma ba gargaɗi. In ya yi yawa, sai jijjiga. In tsabar gwangwani ta gaji, gurɓatacciyar iska ta taru, sai haki da ruɗewa. Saboda haka ɗalibi bai kamata minti biyu su wuce bai dubi ma'auninsa ba.

Abin mamaki, tsohon hannu ya fi sabon shiga wuyar koyarwa. Ya saba in ya cika huhu ya ɗan taso, in ya fitar ya ɗan nutse. A nan wannan dabara ba ta ci, domin iskar daga huhu zuwa jaka kawai take kaiwa da komowa. Dole ya zubar da girman kai ya zama ɗan koyo. Gwaninta ma ba ta hana haɗari. Dave Shaw, mutumin Ostareliya, gwani ne na gaske, amma a Janairu 2005 ya rasu a wani kogon ruwa na Afirka ta Kudu mai suna Boesmansgat, a zurfin mita 270, yana ƙoƙarin fito da gawar wani saurayi. Bincike ya nuna wahalar aikin a wannan zurfi ta sa gurɓatacciyar iska ta taru a jikinsa.

Ya ku malamai da akawuna, ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Duk wanda ke da ɗa ko ƙane mai sha'awar aikin ruwa, ya tambaye shi abu biyu: wace na'ura aka koya maka, kuma ita ce wadda za a goya maka? In amsar ta saɓa, ya hana shi shiga sai ya koma makaranta. Mai koyarwa kuma kada ya sa hannu a takardar wanda bai ga aikinsa da idonsa ba, gama rai ba ya da na biyu.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.

Naku,
Akawu