Bakansi a Olelewa: hutun da ba a hutawa

Da zarar watan Yuni ya ƙare, aka rufe lakwal, motocin da ke tashi daga Damagaram zuwa Tanut sukan cika maƙil da ƴan makaranta, kowa da jakarsa da tabarmarsa, wasu su sauka Bakin Birji, wasu Sabon Kafi, daga nan su kama hanyar rairayi zuwa garin Olelewa da ƙauyukansa. A takardun gwamnati sunan wannan lokaci babban hutu, ƴan lakwal kuwa bakansi suke ce masa. Amma tsoho a Olelewa, in an tambaye shi, suna ɗaya ya sani, wato damana. Wata uku ne, daga Yuli zuwa ƙarshen Satumba, waɗanda gari ke cika da ƴaƴansa: ɗan kwaleji ya dawo, ɗan lise ya dawo, ɗan ci-rani ya dawo, ma'aikacin da ya samu izini ya kawo iyalinsa su ga kakanni. Babu wani lokaci cikin shekara da ake samun kowa a gida kamar wannan, kuma babu lokacin da aiki ya fi yawa, rumbu ya fi zama wayam.

Wanda ya san Damargu ba zai yi mamaki ba. Ƙasa ce da ke bakin iyakar noma, daga ita sai makiyaya da hamada, kuma tun zamanin ayari gerota ne ke ciyar da Abzin. Baturen nan ɗan Jamus, Barth, wanda ya ratsa ta a watan Janairu na 1851 tare da ayarin Abzinawa, ya shaida haka cikin labarin tafiyarsa. Har yau arzikin ƙaramar hukumar Olelewa, mai mutum fiye da dubu 100 bisa ƙidayar 2012, gero ne da wake da bisashe. Gaskiya ne matatar mai ta SORAZ, wadda aka buɗe a watan Nuwamba na 2011, tana cikin ƙasarta, kuma wutarta na haskawa da dare daga nesa. Amma matata ba ta cika rumbun kowa ba. Damanar Damargu gajera ce, ruwanta ba shi da alkawari, kuma wanda ya yi sakaci da sati biyu na noma ya yi sakaci da shekara. Saboda haka sha'anin iyali na farko a bakansi shi ne gona. Ranar da aka yi ruwan shuka ba a barin kowa a gida: magidanci na gaba da sungumi yana sara, mata da yara na biye suna zuba iri suna rufewa da ƙafa. Daga nan sai noman fari, sai maimai, da hauya mai doguwar ƙota wadda ake turawa a tsaye. Yarinya ta ɗauko fura zuwa gona da hantsi, ƙanenta ya kora awaki nesa da shuka, kaka ta tsinko tafasa da yaɗiya a yi kwaɗo, domin a wannan tsakani kowace tiya ta gero lissafi gare ta.

Babban taron damana kuwa, tun kaka da kakanni, shi ne gayya. Mai gona ya sanar da rana, ya tanadi fura da tuwo da goro, samari su fito da hauyoyinsu, makaɗi na bayansu yana zuga gwani yana yi wa rago ba'a, ƴan mata na guɗa, kafin azahar an share gonar da mutum ɗaya zai yi kwana goma a cikinta. Ana yi wa sarki gayya, ana yi wa malami, saurayi na kai abokansa gonar surukinsa. Amma albarkar gayya ta fi bayyana a gonar gwauruwa, da ta tsoho, da ta wanda ciwo ya kwantar a tsakiyar noma. A nan ne yaro ke gane cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma a nan ne gari ke sanin wane ne wane cikin samarinsa. Da dare, in akwai farin wata kuma hadari bai taso ba, sai dandali ya ɗauka: ƴan mata na gaɗa, yara na langa, manya na dara a gindin bango, ƙananan ƴan kokowa na gwada ƙarfi a rairayi, kowane na ji a ransa shi ne Langa-Langa na Damagaram ko Kantu na Maraɗi, ko da yake gasar takobi, wadda aka fara a Tawa a 1975, ba da damana ake yin ta ba. Ranar kasuwa kuma Bahaushe da Badagire da Buzu da Bafillace su haɗu, Barebari da Fulani su taɓa wasan taubasai, wasan da hukumar UNESCO ta sa cikin gadon al'adun duniya da sunan Nijar a 2014.

Waɗanda suka manyanta suna tuna lokacin da waɗannan tarurruka ke da mai tsara su. A zamanin Janar Saini Kunce, daga 1974 zuwa 1987, an farfaɗo da samariya, kowane gari da sarkin samarinsa, ana noman gonar samariya, ana gina azuzuwa, ana share gari, ana shirya wasannin da za a kai gasar matasa ta ƙasa. Samariya ba ta rasa aibi ba: ta zama kakakin masu mulki, kuma an sha fitar da mutane aiki ba da son ransu ba. Shi ya sa da iskar dimokuraɗiyya ta kaɗa, aka yi babban taron mahawarar ƙasa a 1991, ba a samu masu yi mata kuka da yawa ba. Sai dai an zubar da ruwan wanka har da kwatarniya. Abin da ya maye gurbinta shi ne fada, inda samari ke zama kan benci suna dafa shayi suna hira. Fada na da nata zumunci, tana kai gudummawa wurin biki da suna da rasuwa, amma ba kasafai takan ɗauki hauya ba.

Ba lalaci ne kaɗai ya raunana gayya ba, kuma rashin adalci ne a ɗora wa samari laifin duka. Tun bayan yunwar 1984, da ƙarancin abinci na 2005 da na 2010, ci-rani ya daina zama tafiyar rani kawai. Wanda ya tafi Libiya ko Aljeriya, ko wuraren haƙar zinariya da suka buɗe a Jado da arewacin Agadas tun 2014, ba ya iya dawowa don ruwan shuka. Sai ya aiko da kuɗi a ɗauki ƴan ƙwadago. Da kuɗi suka shiga gona, sai saurayin da ya rage a gari ya ga babu dalilin da zai yi wa maƙwabci noma a kan fura alhali wani na biyan jika. Mai ɗa a waje ya noma gonarsa, marar kowa ya bar rabinta ga ciyawa, ko kuma ya ci bashin gero a watan Agusta ya biya ninki da kaka. Ta haka lokacin da ya kamata ya haɗa gari sai ya zama lokacin da ake gane mai shi da marar shi.

Duk da haka bakansi bai mutu ba, kamanni ya sake. Da la'asar, bayan an taso daga gona, filin lakwal na cika da ƴan kallon ƙwallo, unguwa da unguwa, ƙauye da ƙauye, ƴan makarantar da suka dawo daga birni su ne masu shiryawa, su ne alƙalan wasa. Wasu cikinsu kan tara ƙannensu a aji su maimaita masu lissafi da faransanci. Daga 2018 zuwa 2022 Babbar Salla ta riƙa faɗowa a Yuli ko Agusta, a tsakiyar noma. Yanzu ta ja gaba da damana, Mauludi ne ke zuwa cikinta, makarantun allo su raya dare da karatu, gidaje su fitar da abinci. Sai kuma ranar 3 ga Agusta, ranar da Nijar ta samu mulkin kai a 1960, wadda tun 1975 aka mayar ranar dashen itatuwa. A nan ne ake ganin bambancin biki da aiki: ana dasa dogon yaro, a tafa, a watse, kafin watan Maris awaki da ƙishirwa sun gama da shi, domin ba a ce wa kowa ga naka ba. Manoman Magarya da Matamai, waɗanda suka mayar da gonakinsu dajin gawo ta hanyar barin tohon da ya fito da kansa, ba da tafi suka yi ba, da kulawa suka yi.

Masu karanta wannan shafi, ƴan kasuwa da ma'aikata, da yawansu ƴaƴan irin waɗannan garuruwa ne, kuma ba a bukatar su kafa wata sabuwar samariya. Abin da ake bukata ƙarami ne. Ma'aikacin da ya kawo ƴaƴansa ganin gida kada ya bar su a zaure riƙe da salula suna kallon ƴan uwansu na tafiya gona. Ya ba su hauya daidai ƙarfinsu, domin yaron da bai san zafin noman gero ba, ran da ya zama babba a ofis, ba zai san darajar manomi ba. Ɗan kasuwar da ke sayen kofi da riguna don gasar ƙwallo ya ƙara da sharaɗi ɗaya: kowace ƙungiya ta yi gayya guda a gonar marar ƙarfi kafin wasan ƙarshe, shi kuma ya ɗauki nauyin fura da goro. Kowane icen da aka dasa a ba shi mai shi, a kewaye shi da ƙaya. Mai sito cike da gero ya ji tsoron Allah a watan Agusta. Wanda ya yi karatu ya tunatar da iyaye mata maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ake rarraba wa yara ƴan ƙasa da shekara 5 kowane wata cikin damana, domin lokacin tabkuna shi ne lokacin sauro. Kuma tun da kowa na gida, wannan ne lokacin da ya dace sarakuna da kwamitocin kula da filaye, waɗanda dokar karkara ta 1993 ta tanada, su zaunar da manoma da makiyaya a kan burtali da mashaya, tun kafin garken da suka hau arewa su juyo da kaka.

A cikin Satumba gero ke yin tumu. Yara su karyo zangarniya ɗanya, a gasa a bakin gona, a murje a tafin hannu, a hura, a watsa a baki. Duk wanda ya tashi a Damargu, ko ya zama babban darakta a Yamai, ƙamshin nan ba ya barin hancinsa. Tumu shi ne albishir cewa wuya ta kusa wucewa, kuma shi ne sallamar bakansi. Daga nan sai girbi, sai ɗaurin dami, sai a fara maganar bukukuwan aure. A nan ma akwai abin lura: yarinyar da ta yini tana kai fura gona wata uku tana da hakkin komawa ajinta a watan Oktoba kamar ɗan uwanta, kada kuɗin wake ya zama kuɗin kayan ɗakinta tun ba ta ƙare karatu ba.

Motocin da suka kawo ƴan lakwal za su mayar da su, kowa da ƙullin gero da busasshiyar kuɓewa daga hannun kaka. Ba yawan kiɗan da aka yi ne za a auna bakansin bana da shi ba. Za a duba gonar gwauruwa a ga ko an nome ta, a duba icen 3 ga Agusta a ga ko yana da rai, a duba aji a ga ko kujerun ƴan mata sun cika. Allah ya ba da damana mai albarka, ya kai kowa kaka lafiya.