Ba Kowane Magani Ke Son Wuta Ba

Duk wanda ya bi hanyar Sakkwato zuwa Boɗinga har Shagari ya ga sabara da bagaruwa da marke da dogonyaro. Tun kaka da kakanni mutanenmu ke magani da su, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ma ya rubuta littattafai a kan magunguna. Amma hanyar da aka fi sani ita ce a sassaƙo, a shanya a rana, a tafasa har ruwa ya yi ja.

To, akwai maganin da wuta ke fitarwa, akwai kuma wanda take kashewa. A ƙasar Sin wata masaniya, Tu Youyou, ta yi ta tatsar wani ganye ɗan'uwan tazargade da zafi, tana neman maganin zazzaɓin cizon sauro, yau ya yi aiki, gobe ya ƙi. Sai ta karanta a wani tsohon littafinsu cewa jiƙa shi ake yi a matse. A 1971 ta tatse shi da wani ruwan sinadari mai tafasa a digiri 35 kacal, maganin kuwa ya fito da ƙarfinsa. Shi ne asalin wanda asibitocinmu ke bayarwa yau, kuma saboda shi aka ba ta kyautar Nobel a 2015. Watau ganyen bai sake ba, hanyar aka gyara.

Saboda haka muna kira ga masanan harhaɗa magunguna na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wadda aka kafa a 1975, su gwada kowane itace namu ta hanyoyi dabam dabam: da ruwan sanyi, da na zafi, da sinadari, su auna abin da kowace hanya ta fitar, su rubuta.

Amma fa aikin daga ƙauye yake farawa. Malaman makaranta, ku koya wa yara shanya ganye a inuwa, da rubuta sunan itacen, da garin, da watan da aka ɗebo shi. Ku kuma akawunan ƙananan hukumomi, ku rubuta sunan kowane mai magani da abin da ya sani, don kada gobe a ci moriyar iliminsa a manta da shi.

Kafin a gama gwaji kuwa, kada kowa ya riƙe yaro mai zazzaɓi a gida yana ɗura masa jiƙo. A kai shi asibiti. Allah ya sa mu dace, amin.