Kai jariri wurin lilo ranar Sallah: don shi ake yi ko don hoto?

1/ Sallah ta matso, na fara ganin sabbin iyaye irina suna tambayar "wane wurin wasa za mu kai yara a Kano?" Ni dai in ɗanka bai kai shekara 2 ba, ka ɗan tsaya ka karanta wannan kafin ka zuba wa mota mai. Na taɓa yi, na kuma ji a jikina. Zaren da ɗan tsawo, a gyara zama.

2/ Ƙaramar Sallar 2024 ce, wadda ta faɗo 10 ga Afrilu. Duk wanda ke Arewa a lokacin ya san irin zafin da aka sha azumin nan a ciki. 'Yata Mamana (sunan Hajiyarmu ta ci) tana da wata 14. Ta fara tafiya ke nan, taku uku sai ta zauna daɓas.

3/ Na sayar da ragowar masarar da na ajiye, aljihu ya ɗan yi nauyi, sai na ji ni ma wani ne. Na ce wa madam ta shirya, washegarin Sallah daga Funtua sai Kano, a kai Mamana ta hau lilo. Abokaina duk sun ɗora hotunan nasu, tawa ce kawai za a bari a baya?

4/ Da muka shiga yi wa Hajiya sallama, kallona ta yi ta ce, "Kai yanzu wannan 'yar da ko sunanta ba ta iya faɗi ba, me ta sani a lilo? Ku bar min ita ku je ku dawo." Na ce haba Hajiya, ai zamani ya canza. Ta ce, "To, Allah ya tsare hanya." Ba ta ƙara komai ba.

5/ Bakori, Malumfashi, Dayi, Gwarzo, sannan Kano. Niyyata mu fita da sassafe, amma duk mai goyo ya san yadda ake fita da sassafe: a yi wanka, a sa kaya, ta ɓata su, a sake. Ba mu kai ƙofar wurin ba sai bayan azahar, rana tana tsakiyar kai.

6/ Ba zan faɗi sunan wurin ba, don ba su suka kira ni ba, ni na kai kaina. Layin shiga kaɗai ya ci mana fiye da rabin awa. A ciki, lasifika nan, lasifika can, janareto na ruri, yara na ihu, ƙura ta tashi. Inuwar da ke akwai duk an riga an cika ta.

7/ Muka yanki tikitin dawakan nan masu zagayawa. Madam ta hau ta riƙe ta a cinya, ni kuma na ja baya na saita waya. Abin na fara juyawa Mamana ta ƙanƙame wuyan uwarta ta saki wata irin ƙara da ban taɓa jin ta yi ba. Mai injin bai tsayar ba sai da zagayen ya cika.

8/ Ni kuwa me nake cewa daga gefe? "Juyo da fuskarta nan, ki sa ta yi dariya." Wallahi duk lokacin da na tuna wannan maganar sai kunyar kaina ta kama ni.

9/ Gidan balan-balan da ake tsalle a ciki ma ba a magana. 'Yan shekara 8, 10 ne ke ta dirowa a kan juna. Ka sa mai wata 14 a nan ai ka sa ta a turmi. Jirgin ƙasan yara kuma kujerarsa ta ɗau rana, ka taɓa da hannu ka janye. Duk wurin babu abu ɗaya da aka yi shi daidai jikinta.

10/ Sai ta nemi nono. Nan ne na ga abin da ban taɓa lura da shi ba a rayuwata. Babu inda mace za ta zauna ta shayar. Madam ta raɓe a bayan wani kanti ta lulluɓe da hijabi, ita da yarinyar duk a ciki, cikin wannan zafin. Famfas ma a kan cinyarta ta canza, ni ina tsaye na tare su da babbar riga.

11/ Wajen la'asar kukan ya tsaya, na ce alhamdulillahi ta saba. Madam ce ta ce a'a, duba ta. Jikinta zafi rau, leɓenta ya bushe, ta yi laƙwas a kafaɗa, in ta yi kukan ma ba hawaye. Famfas ɗin da aka sa mata tun ɗazu kuma a bushe yake.

12/ Wannan ku riƙe shi ko da ba ku ɗauki komai a zaren nan ba. Yaron da ya yi shiru ya lanƙwashe a cikin rana ba sabawa ya yi ba. Baki a bushe, kuka ba hawaye, fitsari ya ɗauke, ido ko maɗiga ta faɗa: ruwan jikinsa ne ke ƙarewa. Jikin ƙaramin yaro yana ɗaukar zafi da sauri fiye da na babba, ga shi ba bakin cewa ƙishi nake ji.

13/ Muka fito a guje sai wani ƙaramin asibiti. Allah ya taimaka ba ta kai ga ƙarin ruwa ba. Aka jiƙa mata jiki, aka haɗa ruwan gishiri da sukari na leda ana ba ta da cokali kaɗan-kaɗan, ta kama nono, ta dawo hayyacinta. Ma'aikaciyar ta tambaye ni daga ina muke. Na ce Funtua. Kallon da ta yi min har yau ina jin sa.

14/ Dare ya yi, ba wanda zai hau hanyar nan da jaririya a wannan lokacin, dole muka kwana gidan ɗan uwa. Da na zauna na yi lissafi, mai, tikiti, abinci, asibiti, kuɗin sun haura na buhun taki, ga damina na ƙaratowa. Abin da na samu: hoto 3, duka tana kuka.

15/ To ga ra'ayina. Mafi yawanmu da ke kai 'yan ƙasa da shekara 2 irin wuraren nan ranar Sallah, ba don su muke yi ba. Don kanmu ne, don a gani, don kada a ce wane bai kai nasa ba. Ba zunubi ba ne, amma mu daina cewa "don yarinyar ta ji daɗi". Ba ta ji ba.

16/ Kuma ba za ta tuna ba. Gwada da kanka: mene ne abu na farko da kake iya tunawa a rayuwarka? Yawancin mutane ba sa tuna abin da ya faru kafin su kai shekara 3 ko kusa da haka. Ni nawa, ina bin bayan kakana a gonar auduga ne, kuma a lokacin na isa a aike ni ɗebo ruwa.

17/ Amma a nan zan rabu da wasu mazan da na san sun fara gyaɗa kai. "Ai ba zai tuna ba" ta zama hujjar da ake kulle mace a gida shekara biyu cur da sunan goyo. Kai ka je majalisa, ka je kallon ƙwallo, ka je kallon hawa, ita tana tsakar gida da wanki. In ta ce a fita da yara, sau da yawa ita ce ke son ganin waje, kuma tana da gaskiya.

18/ Daga baya madam ta faɗa min abin da ya kashe min jiki. Ta ce tun da ta haihu, in ban da asibitin rigakafi da gidan suna, ba ta je ko'ina ba. Shi ya sa da na ce Kano ba ta musa ba, duk da ta san ranar ba ta dace ba. Tsoro take kada ta ce a ɗaga, maganar ta bi ruwa.

19/ Wato ni ina son hoto, ita tana son iska, Mamana tana son barcinta na rana. Mutum uku, buƙata uku, na haɗa su a tafiya ɗaya na kuma zaɓi ranar da ta fi kowace cunkoso a shekara.

20/ Kuma ku lura da wanda ke ɗaukar nauyin fitar. Je ka tsaya a ƙofar kowane wurin wasa ranar Sallah ka ƙirga: goyo a bayan uwa, jaka a kafaɗar uwa, babban yaro a hannun uwa. Baba na gaba da makullin mota da waya. Malam, ɗaukar ɗanka a kafaɗa bai taɓa rage wa kowa girma ba. In kai ka ce a fita, kai za ka ɗauka.

21/ Wani zai ce ai Turawa suna kai jarirai. Gaskiya ne. A Disneyland ta Amurka, wadda aka buɗe tun 1955, ɗan ƙasa da shekara 3 ba ya ma biyan kuɗin shiga. Sun san ba shi ne mai sayen ba, iyayensa ne. Shi ya sa suka ware ɗakunan shayarwa da canza wa yaro kaya.

22/ Manyan lilonsu kuma da tsawo ake hawa. Akwai ma'auni a ƙofa, in yaro bai kai ba, ba ya hawa, ko ubansa waye. Har tsari suke da shi na iyaye su yi karɓa-karɓa: ɗaya ya hau, ɗaya ya riƙe jariri, sannan su canza ba tare da sake bin dogon layi ba. Mu kuwa inda na je, in ka biya ko ɗan kwana 40 ne a cinyarka ba mai ce maka kanzil.

23/ Masu wuraren wasa, ba Disneyland muke nema a wurinku ba. Rumfa mai inuwa da benci, ɗaki ɗaya mai labule da tabarma da buta don masu shayarwa, ɗan fili mai yashi da aka killace wa 'yan rarrafe, da sandar awo a bakin lilo. Duka wannan bai kai kuɗin lasifikokin da kuke kashe mana kunne da su ba. Wanda ya fara yi, matan gari da kansu za su yi masa talla.

24/ Akwai kuma maganar da ba a son ji. Lokacin zafin nan, daga wajen Fabrairu zuwa Mayu, shi ne lokacin ƙyanda da sanƙarau a ƙasarmu. Allurar ƙyanda ta farko sai yaro ya kai wata 9 ake yi. Ka ɗauki ɗan wata 5 ka kutsa da shi cikin dubban yara masu tari da majina, don me? Ɗan ƙasa da wata 6 ma ko ruwa ba a so a ba shi, nono zalla ne, ga shi babu wurin shayarwar.

25/ In dai dole sai an je saboda yayyensa, to a bar Sallah ta wuce da sati ɗaya. Wurin na nan, layi ya ragu, kuɗin mota ya sauka. A shiga da hantsi a fito kafin azahar, ko a bari sai bayan la'asar. Awa ɗaya ko biyu ta isa. Da ya fara murza ido a tattara, ko da tikitin bai ƙare ba. Tikitin ne dai ke sa mu taurin kai, na sani.

26/ Kuma in Kanon ce, ni a ganina gidan zoo na Audu Bako ya fi wa ɗan shekara 2 ma'ana a kan lilo, in ba ranar cunkoso ba. Akwai bishiyoyi, kuma yaro na iya nuna biri da yatsa ya yi ta gwalantu. Abin da zai kalla a tsanake yake so, ba abin da zai juya masa kai ba.

27/ Mu 'yan Funtua da Malumfashi ma har mun fi wasu gata ba mu sani ba. Hawan Sarkin Maska na nan a Funtua, na Galadima na nan a Malumfashi. Ka samu inuwa nesa da turmutsutsu da ƙarar bindiga, ka ɗora shi a wuya ya ga dawaki na gaske da kwalliyarsu, minti 20 ku koma gida ya yi barci. Ba mai, ba tikiti.

28/ Dam ɗin Mairuwa kuwa, da yamma wurin shan iska ne, amma mai ɗan tatata kada ya saki hannunsa ko na ƙiftawar ido. Yaro ƙarami ba ya ihu in ya faɗa ruwa, kuma ruwan da bai kai gwiwarka ba ya ishe shi. Kwalekwale da goyo a baya kuma, don Allah a'a.

29/ Bayan sati biyu da dawowarmu na kai su gidan kawuna a wani ƙauye ta wajen Bakori. Mamana ta ga kaza da 'yan tsakinta. Awa guda tana bin su tana faɗuwa tana tashi tana ƙyalƙyala dariya, madam na zaune ƙarƙashin mangwaro tana hira da matan gidan, ta cire takalmi ta miƙe ƙafa. Ban ɗauki hoto ko ɗaya ba, wayar ba caji.

30/ Da na ba Hajiya labarin kazar, ba ta ce "ai na faɗa maka" ba. Tambayata kawai ta yi nawa na biya kazar kuɗin tikiti.

31/ Bana Mamana za ta zauna wurin Hajiya da safe, ni da madam mu je Zariya mu biyu mu ci abinci mu dawo kafin la'asar. Lilo sai ta iya buɗe baki ta ce tana so. In kuma akwai wanda ya san wurin wasa tsakanin Funtua, Malumfashi da Zariya mai inuwa da ɗakin masu shayarwa, ya ajiye min sunansa a ƙasa, zan je in gani da idona.