Don Hanya Ta Toshe, Sai A Daina Duba Hatimi?

'Yan'uwa ɗalibai, da ku ƙananan ma'aikata da kuka riga mu fita fagen aiki, akwai wata mummunar ɗabi'a da ta fara zama jiki a ɗakunan kwamfuta na makarantu da ofisoshi, wadda in muka yi shiru a kanta mun ci amanar ilmin da ake kashe dukiyar talakawa ana ba mu. Ga yadda abin yake. Mutum zai zauna gaban kwamfuta mai aiki da Linux, ya umarce ta da ta sabunta manhajojinta. Sai ta cije, ta ce ba ta gane hatimin da ke kan kayan ba, ko kuwa wa'adin mabuɗin da take duba hatimin da shi ya ƙare. Ya aike ta rumbun mabuɗai na intanet ta ɗauko sabo, ta yi ta jira, can ta dawo ta ce rumbun bai amsa ba. Nan fa sai wani gwani ya taso daga bayan ɗaki, ya ture shi gefe, ya buga layi ɗaya wanda ma'anarsa ita ce: daina duba hatimi, karɓi duk abin da aka miƙo miki. Aiki ya ci gaba, ɗaki ya ɗauki tafi. Mu kam ba mu tafa ba, domin wannan gyaran gangar Auzinawa ne.

Hatimi ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Wasiƙar da ta taso daga Sakkwato zuwa ga wani sarki da hatimi take zuwa, saboda tsakanin mai aikowa da mai karɓa akwai daji, akwai zango, akwai hannuwa da yawa. Haka manhaja take. Kafin ta iso Kaura Namoda ta ratsa kwamfutocin mutanen da ba mu san su ba, ba mu kuma san halinsu ba. Saboda haka masu haɗa ta suke da mabuɗai biyu: na ɓoye, wanda suke buga hatimi da shi, da na sarari, wanda suke raba wa duniya don kowa ya tabbatar hatimin nasu ne, kuma ba a taɓa ko harafi ɗaya a hanya ba. Phil Zimmermann ne ya yaɗa wannan dabara ga jama'a da manhajar PGP a Amurka a 1991, sa'an nan Bajamushe Werner Koch ya fitar da GnuPG a 1997. Mabuɗin sarari yakan zo da wa'adi, mai shi yakan ƙara masa kwana, yakan kuma soke shi in an sace na ɓoyen. Dalilin sabuntawa ke nan, watau a ji ko hatimin jiya yana nan da ƙarfinsa yau.

To, me ya sa rumbun ba ya amsawa? Gwanayen namu ba su taɓa tsayawa sun tambaya ba, alhali kuwa amsar ba ta da wuya. Sau da yawa rumbun da ake ƙwanƙwasa wa ƙofa ya daɗe da rushewa. Shekara da shekaru duniya ta dogara ga wata tawagar rumbuna da ake kira SKS, waɗanda 'yan sa kai suke riƙe da su, suna kwafar kayan juna. An gina su bisa ƙa'idar cewa kowa na iya zuba abu, ba kuma a share abin da aka zuba. A watan Yuni na 2019 wasu maɓarnata suka yi amfani da wannan ƙa'ida, suka lafta wa mabuɗan mutum biyu daga cikin masu hidimar wannan fanni, Robert Hansen da Daniel Kahn Gillmor, sa hannun banza dubbai barkatai, har ya zama duk kwamfutar da ta ɗauko su sai ta sandare. A watan Yuni na 2021 kuma aka rufe babban adireshin tawagar, sks-keyservers.net, saboda nauyin dokar Turai ta kare bayanan mutane. Amma har yau adireshin na nan kwance a cikin tsofaffin kwamfutoci da tsofaffin takardun darasi, ana ta sallama a kango.

Mu 'yan arewacin Zamfara abin ya haɗe mana goma da ashirin. Wata uku bayan wannan rufewa, a farkon Satumba na 2021, aka katse layukan sadarwa a jihar baki ɗaya don yaƙi da 'yan bindiga. Gusau ta samu nata a farkon Oktoba, sauran ƙananan hukumomi kuwa sai da suka ƙara makonni suna jira. Waɗanda suke gida a Badarawa da Shinkafi da Zurmi a lokacin ba sa bukatar a ba su labari. Da layi ya dawo, aka kunna kwamfutocin da suka yi ƙura, sai ga wa'adin wasu mabuɗai ya ƙare, ga rumbun da aka sani babu shi. A wannan lokaci ne muka ga an kashe duba hatimi a wani ɗaki da ba za mu ambaci sunansa ba, wai na kwana biyu kafin abubuwa su daidaita. Da muka koma bayan shekara guda, yana nan a kashe.

Alhali maganin bai fi aikin rabin sa'a ba. A sauya mataccen adireshin da mai rai, kamar keyserver.ubuntu.com. Akwai kuma keys.openpgp.org da aka buɗe a 2019, sai dai shi ba ya ba da sunan mai mabuɗi sai mai shi ya amince. In an sauya kuma shiru, a duba ƙofa: rumbunan nan sun saba magana ta ƙofa mai lamba 11371, ganuwar tsaron makarantu da ofisoshi kuwa takan bar ƙofa ta 80 da ta 443 kaɗai a buɗe, sai a umarci kwamfuta ta bi ta ɗayansu. In a wurin ta hannun wata kwamfuta mai shiga tsakani ake fita intanet, to a sanar da dirmngr, ɗan aiken da GnuPG ke turawa rumbu, a kuma tashe shi ya sake farawa, don yakan riƙe tsohon umarni. Sa'an nan a dubi agogo. Wannan abin dariya ne, amma a ƙasar da wuta ke zuwa kamar baƙo, ƙaramin batirin da ke riƙe wa kwamfuta lokaci yakan mutu, ta farka tana zaton shekarun baya take, ta ƙi yarda da mabuɗin da a lissafinta ba a ma ƙirƙire shi ba tukuna. Bugu da ƙari, Debian da Ubuntu da Arch kowannensu yana da ƙunshin mabuɗansa na hukuma, wanda in aka fara sabunta shi sau da yawa ba a ma bukatar zuwa rumbun.

Mun san abin da za su ce. Za su ce wane ɓarawon intanet ne zai ɓata lokacinsa a kan kwamfutar Badarawa? Wannan magana ce ta wanda bai san yadda ake kamun kifi da koma ba. Mai zuba guba a manhaja bai san sunan garinku ba, bai kuma damu ya sani ba, duk wanda ya faɗa nasa ne. A ranar 20 ga Fabrairu, 2016, an kutsa shafin Linux Mint, aka karkatar da masu saukewa zuwa ga gurɓataccen kwafi mai ɓoyayyiyar ƙofa a ciki, kuma ba a tambayi kowa daga ina yake ba. Su kuma kwamfutocin da ake raina wa wayo, me ke cikinsu? Sakamakon jarrabawa, jerin albashi, lambobin waya, adireshin gidaje. A yankin da ake sace mutum don kuɗin fansa, takardar da ta nuna wa aka biya, nawa aka biya shi, kuma ina yake kwana, ba abin wasa ba ce.

Amma laifin ba na gwanin bayan ɗaki kaɗai ba ne. Babban abin kunya shi ne mun mai da kanmu 'yan jiran tsammani. Mabuɗin sarari ɗan mitsitsin abu ne, bai kai nauyin hoto ɗaya na waya ba. Rumbu kuma ba ya rantse wa kowa cewa abin da ya bayar na gaskiya ne, ajiya kawai yake yi. Abin da ke tabbatar da mabuɗi shi ne zanen yatsansa, jerin lambobi da haruffa 40, wanda za a iya rubuta shi a allo da alli a gwada. Mu da muka gāji ilmin isnadi, muka san ba a karɓar ruwaya sai an san wa ya ji daga wa, bai kamata a koya mana wannan ba. Duk da haka, a ranar 14 ga Maris, 2024, da wayoyin ƙarƙashin teku suka tsinke a gaɓar Afirka ta Yamma, haka muka zauna muka yi tagumi, kamar ba mu taɓa ganin rana irin wannan ba.

Saboda haka muna kira ga ƙungiyar ɗalibai da sassan kimiyyar kwamfuta, daga Kaura Namoda har Gusau, da su ajiye mabuɗan manyan manhajojin da ake aiki da su a cikin gida, a kwamfuta ɗaya ta makaranta da kuma filashin da ke hannun mutum sananne, a riƙa sabunta su duk zangon karatu. A buga zanen yatsansu a liƙa a ƙofar ɗakin kwamfuta. Mu ma a wannan mujalla a shirye muke mu ba da shafi guda don haka. Shugaban ofis kuwa, in ma'aikacinsa ya ce masa ya gyara, ya tambaye shi ta yaya. Kafin nan, duk wanda ya san ya taɓa buga wancan layi a wata kwamfuta, ya koma gobe da safe ya goge shi, ya kuma ɗauka cewa duk abin da ta sauke tun daga ranar abin tuhuma ne har sai an sake dubawa.