Tsawon Gora Ya Fi Kwalliyar Eriya

Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in ja hankalin 'yan'uwana talakawa na Dogon Daji da Tambuwal da Kebbe game da sayen eriyar talabijin.

Mu nan muna nesa da Sakkwato inda tashoshin NTA da Rima suke, saboda haka kafin hoto ya iso mana ya riga ya galabaita. Sai ka ga mutum ya sayar da buhun geronsa ya sayo eriyar roba mai fitilu da rimot, don mai shago ya rantse masa wai har Legas take kamowa. Ya kafa, ba abin da zai gani sai yayyafi. Wallahi wannan cuta ce.

Jama'a, ku nemi eriyar nan ta ƙarfe mai haƙarƙari da yawa kamar ƙashin kifi, domin ita gefe guda take fuskanta, shi ya sa take jawo na nesa. Masu dogayen haƙarƙari na VHF ne, gajerun kuma na UHF, don haka a tambayi mai gyara wadda tasharku take bukata. A ɗaura ta bisa doguwar gora ko fayif ta wuce rufin kwano da itatuwa, a saita ta zuwa Sakkwato. A sayi waya mai kyau, kada ta yi tsawo ainun. Busta kuwa ba ta ƙirƙiro hoton da bai iso ba. Kuma a nisanta gorar daga wayar lantarki, a ɗaure ta tamau, a sa wa eriyar waya zuwa ƙasa saboda iska da tsawar damina.

Daga ƙarshe ina kira ga hukumar NBC. Tun 2016 aka fara komawa tsarin dijital a Jos, kuma shi ba ya yayyafi, ko hoto tangaran ko babu sam. To kada a manta da mu mutanen karkara wajen ƙarfin tashoshi. Ba kowa ke da kuɗin biyan wata-wata ba, kuma manomi ma yana son jin labarin taki da hasashen damina.

Allah ya sa a gyara, amin.

Naku,
Manomi kuma ɗan tireda,
Dogon Daji, Ƙaramar Hukumar Tambuwal,
Jihar Sakkwato.